Kurege Ya Je Roƙa wa Kwaɗi Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata shekara tafkin garin Kwaɗi ya ƙafe, saura laka, ga ƙananan 'ya'ya suna mutsu-mutsu a ciki. Magajiyar kwaɗi, Inna Tabawa, ta kira Kurege ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai baki. Je ka babban birni ka roƙa mana gwamnatin tarayya ta haƙa tafki. Ga buhun aya, ka kai gaisuwa."

Kurege ya kama hanya. Ya ce bari ya ɗanɗana ko ayar ta dace da manya. Ya ɗanɗana, ya ɗanɗana, ya ɗanɗana, har ya ga gindin buhu.

Ya isa ofishin Giwa, ministar ruwa, hannu sake. Ga wakilan garuruwa a benci, kowa da takarda. Kunkuru ya ce tun bara yake nan kan maganar rijiya. Mai gadi Kura ta dubi Kurege ta ce, "Ina gaisuwa?" Kurege ya ce, "Tana tafe."

Ya raɓe yana kallo, don shi Kurege ba ya ganin ƙofa bai so ya san yadda take buɗewa ba. Duk mai roƙo, sai a ce masa, "Ana dubawa." Amma wani Zakara da ya zo gayyatar Giwa ta yanka ƙyallen buɗe sabon gini, ko zama bai yi ba aka shigar da shi. Kurege ya ce, "Af, ashe haka ne?"

Ya miƙe ya ce da Kura, "Gayyata na kawo." Ƙofa ta buɗe. Ya faɗi ya yi gaisuwa: "Ranki ya daɗe, Kwaɗi na godiya da tafkin da kika haƙa musu. Sun ce ki zo ki buɗe."

Giwa ta ce, "Ni na haƙa?"

"Wa zai iya in ba ke ba?"

Ta kaɗa kunne ta ce, "Na tuna. Asabar."

Ma'aikata suka dubi juna, suka kwashi shebur a guje. Kafin Asabar tafki ya haƙu, an ɗuro masa ruwa da tanka. Inna Tabawa har da hawaye don murna.

Giwa ta zo, ta yanka ƙyalle, ta yi jawabi tun hantsi har azahar. Maƙogwaro ya bushe. Ta zura hanci a tafki, zuuut, ta shanye shi tas, aka tafa, ta tafi.

Inna Tabawa ta dubi laka, ta dubi 'ya'yanta, ta ce, "Kurege, yanzu fa?"

Ya ce, "Inna, ai tafki ya samu. Ruwa kuma wani ofishin ne. Ko akwai gyaɗa a gida?"

Ƙurunƙus kan kurege. In za ku gayyato babba buɗe tafki, ku shayar da shi tun daga hanya.