Sarkin da Ya Tuba Ranar Nasararsa

Akwai wani sarki a zamanin dā, can a ƙasashen gabas masu nisa, wanda mulkinsa ya kama daga duwatsu har kusa da bakin teku. Ya gāji sarauta daga ubansa, ya ƙara mata faɗi da kaifin takobi, har ya rage ƙasa ɗaya tak da ba ta kawo masa gaisuwa. Mutanenta masunta ne da manoman shinkafa, suka kuwa ce ba za su durƙusa masa ba.

Sai sarki ya tara mayaƙansa da giwayen yaƙi, ya fāɗa musu. Suka tsaya da iyakar ƙarfinsu, amma ya ci su da yaƙi.

Da safe ya zauna a ƙofar birninsu, ya ce wa sarkin yaƙinsa, "Kirawo mini dattawan ƙasar nan, su zo su yi mubaya'a."

Sarkin yaƙi ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ko ɗaya daga cikinsu da ya rage da rai."

"To, kirawo 'ya'yansu."

"Suna kwance matattu a filin daga tare da iyayensu. Waɗanda suka ragu mun ɗaure su, za a kai su bauta."

Sarki ya tashi, ya tuɓe kayan sarauta, ya fita da ƙafa domin ya gani da idonsa. A cikin gawawwakin ya hangi wani tsoho mai askakken kai, saye da mayafi ruwan ɗorawa, yana yawo da tulu da ƙoƙo. Ya ga ya shayar da wani sojan sarki, ya juya ya shayar da wani masunci da ƙoƙon nan ɗaya.

Sarki ya ce, "Baba, ka san ni na yi wannan?"

Tsohon ya ce, "Na sani. Zo ka tallafe mini kan wannan, hannuna ba ya isa."

Sarki ya durƙusa, ya ɗora kan masuncin a cinyarsa. Mutumin ya kurɓi ruwa kaɗan, ya ɗaga ido ya dube shi. Bai san ko wane ne ba. Ya ce, "Na gode, ɗan'uwa." A nan ya cika.

Sarki ya yi kuka mai zafi. Bai koma zangonsa ba, sai ya wuni yana bin tsohon, yana ɗaukar masa tulu. Tsohon nan kuwa mai bin koyarwar Buddha ne, wani babban malamin addini na ƙasashen can. Ya koya wa sarki abin da mabiyan wannan koyarwa suka riƙe: kada a kashe mai rai, a ji tausayin kowane taliki, mutum ya fara cin nasara a kan zuciyarsa. Sarki ya karɓi wannan hanya, ya shiga cikinta da zuciya ɗaya.

Da ya umarta a kwance bayin, sarkin yaƙi ya ce, "Ranka ya daɗe, maƙwabta za su raina mu."

Ya ce, "Bari su raina. Ku tsare kan iyaka, amma ba zan ƙara fita cin ƙasar kowa ba."

Haka kuwa aka yi. Ya aiki masu shela gari gari su faɗa da sunansa cewa abin da ya yi mugunta ce, ba jaruntaka ba. Ya sa aka haƙa rijiyoyi a kan hanyoyi, aka dasa itatuwan mangwaro domin matafiya, aka gina gidajen magani na mutane da na dabbobi. Waɗansu daga matan da ya kashe wa maza suka ƙi shan ruwan rijiyoyinsa har suka mutu. Da aka kai masa ƙararsu, ya hana a taɓa su, ya ce suna da gaskiya. Ya yi mulki har tsufansa, ƙasar kuwa ta zauna lafiya.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Yawancinmu sai mun fāɗi muke tuba: sai an kama mu, ko ciwo ya kwantar da mu. Sarkin nan kuwa ya tuba a ranar da ya yi nasara, sa'ad da ba mahalukin da ya isa ya ce masa ya yi laifi. Tubarsa kuma ba ta tsaya a hawaye ba. Ya faɗi laifinsa a fili, ya saki waɗanda ya ɗaure, bai kuma tilasta wa kowa ya gafarta masa ba.

Mutumin nan bai taɓa jin bisharar da muke ji kowace Lahadi ba, duk da haka ya bi ɗan hasken da ya samu har ƙarshen ransa. Mu da muka ji labarin alherin Allah, wace hujja gare mu?

Ba mu da giwayen yaƙi, amma kowannenmu yana da wanda ya fi ƙarfinsa: maigida da iyalinsa, uwa da yarinyar da take riƙo, wa da ƙanensa. Wataƙila a makon nan ka yi gardama da wani, ka ci nasara domin shi ba shi da bakin magana. Ba zai zo ya tuhume ka ba. In an tashi daga sujada, kai za ka je ka same shi.