Anaruwa da Kacallar Bakin Tafki

A zamanin da gabashin ƙasar nan ba kowa sai namun dawa, an yi wani maharbi mai suna Anaruwa. Kirarinsa shi ne: Anaruwa na gaban dorina, mai kwana a jiƙe ya tashi da faɗa. Faɗan kuwa ba a banza ya same shi ba, mutanensa ne suka koya masa.

Shi ya gano wani babban tafki da ba a hango ƙarshensa, da wata ƙorama da ke ɗauko ruwa daga cikinsa ta malala a fadama. Ya koma tudu ya taho da gidaje goma sha biyu waɗanda fari ya kora, ƙarƙashin dattijonsu Magaji Korau. Ya yi musu alkawarin ruwa, suka kafa bukkoki, suka shuka shinkafa.

Shekara huɗu ana cin daɗi. A ta biyar sai kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, ta toshe bakin ƙoramar. Ruwa ya ja baya, shinkafa ta fara ƙonewa. Mutanen tudu ne, ba su san maganin ciyawa ba sai wuta. Suka cinna mata, ta fito ta ninka. Suka sake cinna mata, ta sake ninkawa. Anaruwa ya yi ta magana a daina ƙonawa har muryarsa ta dishe.

Wata rana ya bi sawun dorina zai harbe ta, sai ya lura da wani abu. Duk inda ta tattake kacalla ta nutsar da ita, ciyawar ta ruɓe ba ta sake tsirowa ba. An ce dorinar ta juyo ta dube shi ido cikin ido, shi kuwa ya mayar da kibiyarsa cikin kwari. Ya dawo gari ya ce a shiga ruwa har ƙugu, a yanke ta daga ƙasa, yadda ruwa zai rufe kututturen.

Magaji Korau ya ce, "Ɗan'uwa, mu manoma ne. Kifi ne ke aiki a cikin ruwa."

Da ya matsa musu sai suka fito da laujuna, suka jeru a gaɓa, kowa yana miƙa hannu yana yanke kan ciyawar, yana tattare wando kada ya jiƙe. Kafin sati biyu ta koma yadda take. Suka ce ai ga shi sun gwada. Takaici ya kusa kashe Anaruwa.

Sai ya rataye bakansa ya shiga shi kaɗai. Abin da ya yanko bai zubar ba. Ya shanya, ya yi jinka da ita, matarsa Tarana ta saƙa tabarmi. Tsohuwar jinkar da ta ruɓe ya kwashe ya zuba a gona, dawarsa ta fi ta kowa kai. Maƙwabta suka riƙa zuwa aron tabarma, suna yaba laushinta, amma ko ɗaya bai tambayi inda lauje yake ba.

Rani biyu yana cikin ruwa. Ƙafafunsa suka kumbura, suka tsattsage, har ya zama ba ya iya bin ko zomo. A rani na uku Magaji Korau ya ɗaure kaya a kan jakai, gida tara suka bi shi. Da ya zo sallama ya ce, "Ka yi mana alkawarin ruwa, ga shi ka ba mu ciyawa." Anaruwa yana tsaye cikin taɓo, bai ko ɗago kai ba.

Kwana uku da tafiyarsu ya yanke dami na ƙarshe a bakin ƙoramar. Ruwa ya ɓalle ya cika fadama, kifi na tsalle a cikin kunyoyi. Tarana ta ce ya aika a kira su. Ya ce bakinsa ya gaji da su, ba shi da sauran kalma ko ɗaya. Sai ya naɗe ɗanyen kifi a cikin sabuwar tabarma, ya ba wani mahayi, ya ce ya ajiye a gaban Magaji ya juyo.

Suka dawo suna sunkuyar da kai. Magaji ya fara jero ban haƙuri, Anaruwa ya katse shi, ya miƙa masa lauje. Dattijon ya shiga ruwa har ƙugu, sauran suka bi shi. Anaruwa kuwa daga gaɓa ya kalle su a zaune, domin ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba har ya rasu.

Garin yana nan, ana kiransa Mashigar Anaruwa. Duk shekara bayan girbi kowa na shiga ruwa yankan kacalla, tsohuwar jinka kuma gona ake kai ta, ba a ƙona ko kara ɗaya. Idan ɗan garin ya yi fushi ya bar gida, ba a aika masa da magana. Tabarma ake naɗewa da kifi a ciki a ajiye masa a ƙofa, kuma tsofaffi sun ce ba su taɓa jin wanda ya buɗe ta ya ƙi dawowa ba.