Talatin da Biyar

A wani ƙaramin gari na lardin Zavkhan, a ƙasar Mongoliya, an yi wani direba mai suna Dashnyam. Ba rago ba ne, ba kuma macuci ba. Da a-kori-kurarsa yake jigilar ciyawa da kwal da ulu tsakanin gari da zangon makiyaya, kuma kowa ya shaida hannunsa a sitiyari. Aibinsa guda ne, ba ya son a gyara masa zance. In ka ce masa ya bi gabas, ko da can ya nufa, sai ya juya yamma don kada a ce shawararka ya ɗauka.

A bikin kokawa da sukuwa na bazarar wata shekara, wasu 'yan birni suka zo da motoci masu manyan tayoyi. Jama'a suka yanyame su ana ɗaukar hoto, ba wanda ya ko kalli tasa motar. Abin ya tsaya wa Dashnyam a rai. Da kaka ta yi ya tafi Ulaanbaatar, babban birnin ƙasar, ya dawo da tayoyi huɗu masu inci talatin da biyar, alhali waɗanda motar ta zo da su inci talatin da ɗaya ne.

Ya kai su wurin Baba Luvsan, tsohon mai facin da ke bakin gari. Tsohon ya kewaya tayoyin, ya daki ɗaya da ƙafa, ya ce, "Ɗana, tarakta ka saya ba ka gaya mana ba?"

"Baba, kai dai ɗaura. Zamani ya wuce na motocin Rashan nan naku masu tari kamar tsohon raƙumi."

"Zan ɗaura, ai motarka ce. Amma ka saurara. Za su riƙa gugar madigadi in ka karya kwana, za su wahalar da ƙarfen da ke juya ƙafa, mai kuma za ta sha shi kamar shayi. Duk wannan da sauƙi. Babbar ita ce agogon kilomita zai fara yi maka ƙarya."

Dashnyam ya tuntsire da dariya. "Agogo kuma? A taya yake zaune?"

"Agogon ba ya ganin hanya, juyin taya yake ƙirgawa. Babbar taya in ta juya sau ɗaya ta fi ƙarama cin ƙasa. Zai ce maka ka yi kaza, alhali ka zarce haka. Ka je ka gwada shi tsakanin wurare biyu da ka san nisansu, aikin rabin yini ne."

"Na ji, Baba," in ji Dashnyam, yana duba fuskarsa a madubin mota.

Bai gwada ba. Me zai gwada, mutumin da ya san kowane tudu da kowace rijiya a kwarin nan da ido? Ya shiga yawo a gari, motar ta yi tsayi har sai matarsa Tsermaa ta tattare riga kafin ta hau. Duk inda ya tsaya sai ya buga tayar ya ce, "Talatin da biyar ke nan!" Ya faɗa har aka gaji, sunan ya bi shi. In ya shigo shagon shayi sai ka ji an ce, "Ku matsa, ga Talatin-da-biyar nan, kada ya taka ku." Da farko abin yana yi masa daɗi. Da ya gane tsiya ake yi masa, sai ya daina amsawa, in an kira shi da sunan ya ɗaure fuska ya wuce.

Iyayensa makiyaya ne. Da hunturu suna zama a bayan wani dogon dutse, inda iska ba ta dukan tumaki. Hanyar zuwa can guda ce. Daga turken lantarki na ƙarshe a bakin gari za ka miƙe cikin kwari kilomita arba'in cif, sai ka karya dama ka shiga wata 'yar ƙofa tsakanin duwatsu biyu. In ka wuce ƙofar nan, babu wata sai ramuka da kwazazzabai. Mahaifinsa, tsoho Gombo, shi ya koya masa wannan ƙirga ranar da ya fara riƙe sitiyari. Ya ce masa ido na iya rasa dutse in dusar ƙanƙara ta taso, amma arba'in tana nan arba'in.

Wata safiya a tsakiyar hunturu wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce, ta hau tudu don ta samu layi.

"Dashnyam, babanka ne. Kwana uku yana zazzaɓi, sanyi ya shiga ƙirjinsa. Ya hana ni kiranka, amma yau numfashin ma da ƙyar yake ja."

"Inna, ki koma ki rufa shi. Ga ni nan tafe."

Ya ruga asibitin gari. Motar asibiti ta fita wani zango tun jiya. Likita ta ba shi magani, ta ce a fara ba tsohon nan take, sannan a kawo shi kafin rana ta faɗi, don ƙirjin mai shekara saba'in ba ya jira. Tsermaa ta cusa masa butar shayi mai madara da gishiri da bargon fatar tunkiya. Ta dubi yamma, inda sama ta yi fari fat, ta ce, "Maigida, iska na tahowa. Ka biya wurin Baba Luvsan ko zai raka ka."

"Hanyar gidan ubana zan nemi ɗan rakiya?" Ya ja ƙofa ya tayar da mota.

A ƙaramin gari labari ba ya kwana, har ya riga ya kai shagon faci. Dashnyam na isowa bakin gari ya hango tsohon ya fito da gudu ba ko hula, yana ɗaga hannuwa yana ihu.

"Talatin da biyar! Dashnyam! Talatin da biyar!"

Ran Dashnyam ya ɓaci ƙwarai. Ubansa na kwance rai a hannun Allah, wannan tsoho bai ga ranar tsokana ba sai yau? Ya kawar da kai, ya taka totur, ya watsa masa ƙanƙara ya wuce. A turken ƙarshe ya danna agogo ya koma sifili.

Bai yi rabin hanya ba iskar ta iso. Sama da ƙasa suka haɗe suka zama fari ɗaya, ko hancin motar da ƙyar yake gani. Ya laluba waya don ya duba taswira, sanyi ya riga ya kashe batirin. Duk da haka hankalinsa bai tashi ba, yana da ƙirgar ubansa. Ya riƙe sitiyari ya miƙe, ido ɗaya a kan agogo. Ashirin. Talatin. Da agogon ya kai talatin da biyar, sai ya ga kamar wani duhu ya gifta ta hannun dama, kamar bakin dutse. Ya ce a ransa da saura biyar, ya ci gaba.

Agogo na cika arba'in ya karya dama. Ya yi tsammanin ƙasa za ta ɗan hau, kamar yadda take yi a bakin ƙofar. Maimakon haka sai gaban motar ya nutse. Kwazazzabo ne da dusar ƙanƙara ta cike ta shafe bakinsa. Ya sa giyar da ke jan ƙafa huɗu, ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya ba ta wuta. Babbar tayar gaba ta cije madigadi, motar ta yi gurnani, sai ya ji ƙas! Ƙarfen da ke juya ƙafar ya karye.

Ya fito ya yi ta haƙa da shebur har hannuwansa suka daina jin komai. Ya yi kiran "Baba! Inna!" yana zaton tantinsu na nan kusa, iska ta mayar masa da muryarsa. Ya gwada tafiya da ƙafa, taku kaɗan motar ta ɓace masa, da rarrafe ya komo ya same ta. A ciki ya kwana, injin na aiki har mai ya ƙare. Maganin na aljihun ƙirjinsa, yana ta dafa shi da hannu yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Da hantsi iska ta kwanta. Ya ji tarin wata tsohuwar mota, sai ga Baba Luvsan da maza biyu. Suka ciro shi, ƙafafunsa sun sandare. Da ya samu bakin magana ya ce, "Baba, yaya aka yi kuka san inda nake?"

"Ban neme ka ko'ina ba, nan na zo kai tsaye. Na san za ka jira agogo ya ce arba'in, na kuma san lokacin ka yi arba'in da biyar." Tsohon ya goge idonsa da hannun riga. "Da na ji labari jiya na zauna na yi lissafin. Da tayoyin nan, in agogonka ya nuna talatin da biyar ka iso ƙofar. Shi nake gaya maka, ɗana. Ba tsokanarka nake yi ba."

Dashnyam ya tuna duhun da ya gifta ta damansa.

Suka koma baya kilomita biyar, suka shiga ƙofar. Tun daga nesa ya ga an rufe saman tantin kamar yadda ake yi in an yi rasuwa, babu hayaƙi, ya san abin da ya faru. Mahaifiyarsa na zaune a waje kusa da garken tumaki. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ce tsohon ya cika da asuba.

"Na yi ta cewa ko ka ɓata ne," in ji ta. "Shi kuwa sai ya ce in daina faɗin haka. Ya ce, 'Ɗana ba ya ɓata a hanyar nan. Arba'in ce, ni na koya masa.' Har ya daina magana yana sauraren ƙarar motarka."

Dashnyam ya fito da maganin daga aljihu, bai san wa zai miƙa wa ba. A asibiti aka yanke masa yatsun ƙafa uku da sanyi ya kashe. Da bazara aka jawo motar, ya sa Baba Luvsan ya mayar mata da tsofaffin tayoyinta. Manyan huɗun suna nan jibge a bayan shagon, ciyawa ta fito a cikinsu. Tun daga ranar babu wanda ya sake kiran sa da wancan suna a garin, ko da wasa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada ka sauya wani abu a kayan aikinka don a kalle ka, ba tare da ka tambayi abin da sauyin zai taɓa ba. Wanda ya ƙera mota ya auna tayarta da giyarta da agogonta tare, in ka taɓa ɗaya ka taɓa sauran, kuma wajibi ne ka gwada ka san sabon lissafinka tun ana zaune lafiya. Sannan ka koyi tsayawa ka saurari wanda ya fi ka sanin sana'a, ko da maganarsa ba ta yi maka daɗi ba. Girman kai yana toshe kunne har mutum ya ji gargaɗi ya ɗauka zagi ne. Da Dashnyam ya taka birki na minti ɗaya a bakin shagon nan, da ya isa wurin mahaifinsa da magani a hannu.