Tef ɗin Malam Datti

Akwai wani mai gyaran jikin mota a Tudun Wada, wajen 1988, ana kiransa Malam Datti. Daga Kiru har Doguwa, in aka ce ƙofa aikin Datti ce, ba mai sake dubawa. Wannan suna shi ne dukiyarsa, kuma ya san da haka, har ya yi masa yawa.

Abokin aikinsa Surajo ya taɓa aiki a kamfanin haɗa motoci kafin a rage ma'aikata. Shi ya lura ƙugiyar bakin tsohon tef ɗin awon Datti ta saki, tana wasa. Ya gaya masa a kamfani abin awon ma gwada shi ake yi: a auna abu ɗaya sau uku, in amsa ta bambanta, a ajiye shi.

Datti ya yi dariya. "Da wannan tef na aurar da 'ya'ya huɗu. Kamfanin da ya kore ka ne zai koya min awo?"

Maganar ta yi wa Surajo ciwo. Washegari ya kwashe kayan aikinsa ya koma Kano.

Ana gab da damina, Hamman, wani Bafulatani manomi, ya kawo motarsa a-kori-kura a yi mata sabuwar ƙofar baya. Datti ya auna sau ɗaya, ya yanka fallen ƙarfe. Ƙofar ta gaza da kaurin ɗan yatsa, sakata ta kama da ƙyar. Datti ya ce ba komai.

Wata rana a gangaren Riruwai motar ta faɗa rami, sakata ta zame, bijimin huɗar Hamman da aka ɗauko a baya ya faɗo ya karye. A bakin hanya aka yanka shi.

Hamman bai yi faɗa ba. Ya zo ya gai da Datti, ya ce, "Malam, ban duba ƙofar ba, don an ce aikinka ne."

Bayan ya tafi ya bar motar a wurin, Datti ya auna bakin ƙofarta da tef ɗin nan sau uku. Amsa uku ya samu. Ya zauna a ƙasa, kunya da nadama suka rufe shi. Ya aika Kano neman Surajo, aka ce ya rasu tun watan jiya.

Darasi: Kafin ka yarda da awonka, gwada abin awon, kuma kada ka wulaƙanta wanda ya nuna maka kuskure. Ku tura wa masu sana'ar hannu da kuka sani.