Dila da Ƙwan Shamuwa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun kasa kunne.

Da can arewa duk dausayi ce, don inda Shamuwa ta yi sheƙa, nan hadari ke sauka. Sai Dila, shegen makwaɗaici, ya shanye mata ƙwai.

Da Shamuwa ta dawo, ta zuba masa ido kawai. Dila ya ce:

"Yaya Shamuwa, ki zage ni mana!"

"Zagi? Ɗaga kai, Malam Dila."

Ya ɗaga, sai ga hadari ya juya kudu.

Dila ya ruga bayan duwatsu, ya tsallaka teku, amma duk ƙasar da ya ɓuya, Shamuwa ta ƙi yin sheƙa a can, ruwa ya ƙaurace wa ƙasar, yashi ya binne rijiyoyi. Hamadun duniya duk maɓoyarsa ce. Har yau yana can, harshe waje.

Ƙurunƙus kan ɗan dila!