Adadin da Babu Na Gaba da Shi

An yi wani hakimi mai taƙama da ilimin lissafi. Ya ƙyalla ido a kan lambun wata tsohuwa mai suna Tasalla, ya sa aka kirawo ta.

Ya ce, "Iya, faɗa min adadin da ya fi kowane adadi girma. In kin kasa, lambun ya zama nawa."

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗa, wa zai gane na dace? Ai sai wanda ya san amsar."

"Ni na sani mana!"

"To, raɗa wa alƙali, ya zama shaida."

Hakimi ya yi ta raɗa wa alƙali har ya soma haki.

Tasalla ta ce, "Nawa shi ne naka, a ɗora ɗaya."

Alƙali ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, nata ya fi."

"To, na ƙara dubu!"

"Allah ya ja zamaninka, ɗayana yana biye. Ka yi ta ƙarawa, ni zan je ban-ruwa. Ranar da ka kai ƙarshe, ka aiko a karɓi lambun."

Har ta bar duniya ba a aiko ba.