Sifirit a Jarkar Zamzam

A unguwar Mansur ta birnin Makka an yi wani mutum mai haɗa turare. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa na nan da ransu. Shekararsa ashirin da uku a garin, kuma burinsa bai wuce ɗaya ba: ya mutu a Makka, a sallace shi a Harami, a binne shi a ƙasarta.

Da yake baƙo ne, lasin kantin ba da sunansa yake ba. Wani dattijo ɗan ƙasa, Baba Mukhtaru, wanda kakanninsa suka iso da ƙafa ta Sudan, shi ya tsaya masa.

Ku sani, ya 'yan uwa, mai turare ba ya rabuwa da sifirit, don da shi ake tsinka man turare a zuba a kwalbar fesawa. Hukuma ta yarda a ajiye shi, amma da sharaɗi. A hannun dillali mai izini kaɗai za a saya, a rufe da hatiminsa, an kuma sa masa maganin ɗaci don kada ya shawu. Ba a juye shi a wani mazubi, ba a sayar da shi tsura, ko da cokali guda. Ran da Baba Mukhtaru ya miƙa masa takardar lasin, sai da ya riƙe hannunsa ya ce, "Ya waladi, ɗana, sunana ne a kan ruhusar nan. Turare kaɗai, ka ji ko?" Shi kuwa ya ce, "Wallahi Baba, ba zan ba ka kunya ba."

Wata rana bayan La'asar wani lebura ya shigo, ya yi ƙasa da murya ya ce a ba shi sifirit zai wanke ciwo. Mutumin nan ya dube shi sama da ƙasa, ba ko ƙwarzane a jikinsa, sai jan ido da rawar hannu. Ya gane sarai, amma ya tsiyaya masa. Kafin wata ya cika, masu ciwon da ba a gani sun kai goma.

Da suka koka da ɗaci, sai ya nemo marar ɗaci ta bayan fage. Mai hatimin yana kan kanta don ma'aikatan baladiyya, masu duba kantuna, su gani su sa hannu su wuce. Wancan kuwa, ina kuke zaton ya ɓoye shi? A jarkokin Zamzam! Wa zai tare mutum a titin Makka ya ce buɗe Zamzam ɗinka in sansana? Mashayi ya fito rungume da jarka, bayin Allah suna matsa masa hanya. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Matarsa Baraka, haifaffiyar Makka, ta taɓa tambayarsa abin da ya haɗa mai turare da tulin jarkoki. Ya daka mata tsawa. A zuciyarsa kuwa cewa yake yi, ai ni ban ce kowa ya sha ba.

Bayan aikin Hajjin 2013 hanyar kayansa ta toshe. Masu saye suna ta sintiri, shi kuma ba ya son su koma wani wuri. Sai ya je wajen masu fenti ya sayo nasu sifirit ɗin. An rubuta guba a jikin garwar da jan rubutu, kuma ya iya karatu. Ya juye, ya sayar ranar Alhamis.

Kafin Asabar mutum biyu sun mutu a asibiti. Na ukunsu ya rayu, amma idanunsa sun tafi har abada. Kun san ko wane ne? Dauda, ƙanin Baraka, direban bas mai kwasar alhazai daga Muzdalifa zuwa Mina. A gidan ba wanda ya san yana sha. Abokai ne suka sam masa.

'Yan sanda suka bi sawun jarka har ƙofar kanti. Aka garƙame mai turaren, aka soke lasin, aka taso Baba Mukhtaru, tsoho mai shekara tamanin, yana dogara sanda ya zo amsa tambaya kan abin da bai ji ba bai gani ba. Da aka haɗa su, mutumin nan ya durƙusa zai kama ƙafarsa. Dattijon ya janye ya ce, "Halas, shi ke nan. Ban san ka ba."

Mai turaren ya yi shekara biyar a kurkuku. Ranar fitarsa aka ɗauki hoton yatsunsa, aka sa shi a jirgi, aka ce kada ya sake tako ƙasar. Ya aika a roƙi Baraka ta biyo shi da yara. Amsar da ta ba ɗan aiken gajeriya ce: "Ka tambaye shi, wa zai ja wa Dauda sanda?"

Ya koma garinsu ya tarar duk wanda ya san shi ya mutu ko ya manta da shi. Sau biyar a rana yake fuskantar garin da aka haramta masa, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, kuka ya ci ƙarfinsa. Bai cika shekara ba ya rasu a wani ɗakin haya. Maƙwabta suka yi ta tambayar juna ko baƙon yana da dangi, sannan suka binne shi a bayan gari.

Ya 'yan uwa, izinin da aka ba ka da sharaɗi amana ce, kuma sa hannun mai duba kanti ba ya wanke kowa a gaban Allah. Kai da ke cewa ba kai ka sha ba, sayarwa kawai ka yi, ka san bakin da abin zai shiga? Ka san gidan da zai koma?

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare hannuwanmu daga cutar da bayinsa, ya sa mu cika da imani a duk inda ajali ya riske mu. Amin.